Muhawara: Ɗaliba ta faɗi Lissafi, laifin malamin Lissafi ne shi kaɗai?

Mataimakiyar Shugaba:
Assalamu alaikum, malamai da iyayenmu na wannan zaure. Ni mataimakiyar shugaba ce mai kula da harkokin karatu a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan aiki. Da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ta WAEC na bara ya fito, na zauna da biro na bi sunayen ɗalibanmu ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin da ya hana ni barci: yara da dama sun ci kiredit a darussa shida ko bakwai, amma ko dai Lissafi ko Turanci ya kayar da su. Kun san sai da kiredit biyar, cikinsu har da waɗannan biyun, ake shiga jami'a. Saboda haka yarinyar da ta samu A1 a Hausa da B3 a Bayoloji amma ta tashi da D7 a Lissafi, wanda bai kai kiredit ba, zaman gida ya same ta, domin a unguwanninmu ba kowane uba ne zai sake biyan kuɗin jarrabawa karo na biyu ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne taron malamai da muka yi bayan haka. Wanda yara suka ci darasinsa ya zauna yana murmushi, malamin Lissafi ya ce yaran ba su da tushe tun daga firamare, malamar Turanci ta ce ba sa jin Turanci a gida, aka sha ruwa aka watse. Kowa ya kare kansa, ban ji mutum ɗaya ya ce "yarinyarmu ce ta faɗi" ba. Ta yaya ake haɗa ma'aikata arba'in da 'yan kai, kowa da abin da ya dame shi, su ɗauki ɗaliba ɗaya a matsayin amanar da ke wuyansu gaba ɗaya?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun da irinmu aka ambata, bari in fara kare kaina kamar yadda kika ce mun saba. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. Ni kuwa ina shiga azuzuwa biyar, mafi ƙanƙanta a cikinsu yana da yara 84, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Idan na ba da aikin gida sau ɗaya a mako, littattafai sama da ɗari huɗu ke jirana. Daga makaranta kuma ba gida nake wucewa ba, akwai wata makarantar kuɗi da nake koyarwa da yamma domin albashi ba ya kai wata. A irin wannan hali ne za a tara mu a ce mu saki fuska mu haɗa kai?

Ba ina raina maganarki ba ne. Abin da na lura da shi a shekaru goma sha huɗu da na yi a aji shi ne, duk lokacin da shugabanni suka fara wa'azin haɗin kai, ƙarin aiki ne ke tafe ba tare da ƙarin ko sisi ba, kuma a kan mutum uku ko huɗu da ba sa iya cewa a'a yake sauka.

Tsohon Hedimasta:
Malam, na ji kukanka, kuma gaskiya ka faɗa. Amma ka ba ni dama in ba ku labari, tun da mu tsofaffi ba mu da abin bayarwa sai shi. Na kama aikin koyarwa a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin UPE na ba kowane yaro ilimin firamare kyauta, lokacin da yara suka yi wa makarantu ambaliya har muna koyarwa a gindin bishiya. Na yi ritaya a 2011 bayan shekara 35. A duk tsawon wannan lokaci, mutumin da ya fi kowa taimaka mini wajen ceto ɗalibai bai taɓa riƙe alli ba. Maigadinmu ne.

Wata rana da hantsi ya zo ofishina ya cire hula, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan na aji biyar mai tabo a goshi, kwana tara ke nan sai an kusa tashi tara yake shigowa, kuma ta katangar baya yake haurowa, hannunsa duk baƙin mai." Na tambayi malamin ajin, ya ce ai yaron malalaci ne, ya yi masa bulala har ya gaji. Na tambayi malamar da ke sayar wa yara ƙosai a lokacin tara, ta ce mako biyu ke nan bai sayi komai ba, gefe yake komawa ya zauna. Da muka haɗa maganganun nan uku muka aika gidansu, sai muka tarar mahaifinsa yana kwance ba lafiya, yaron yana zuwa garejin wani bakanike da asuba domin ya samo abin cefane. Kowane ɗayanmu yana riƙe da guntun labarin, amma babu wanda ya san duka, kuma wanda ya fi kowa kusa da yaron, wato malamin ajinsa, shi ne ya fi kowa jahiltar halin da yake ciki.

Muka sasanta da bakaniken yaron ya riƙa zuwa bayan an tashi, malamai suka yi karo-karo na 'yan makonni, ya kuwa gama firamare tare da 'yan ajinsu. Tun daga ranar na kafa doka cewa duk taron farkon zango sai maigadi da masinja da mai shara sun zauna a ciki, a kan kujera, ba a tsaye a bakin ƙofa ba. Wasu malamai sun ji haushi, har wani ya ce na zubar da darajar takardar shaidar malanta ta Grade II. Hajiya, abin da nake kira haɗin kai ke nan: labarin yaro ya riƙa tafiya daga bakin wanda ya gani zuwa kunnen wanda zai iya yin wani abu, kafin lokaci ya ƙure. Wannan kuwa ba ya cin kuɗi.

Malamin Lissafi:
Allah ya ƙara girma, Baba. Labarin ya ratsa ni. Sai dai yaro ɗaya ne a makarantar ƙauye inda kowa ya san kowa. Matsalar Hajiya ta yara ɗari ce da ba su iya raba 84 gida 7 ba, kuma maigadi ba zai koya musu ba.

Malamar Turanci:
Malam, a nan ne nake so in sa baki, domin ni da abokin aikina na Lissafi mun yi shekara uku muna gaisawa sama-sama, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi a bayan ido. Abin da ya sasanta mu wata takardar gwaji ce da ya ajiye a kan teburina cikin fushi, ya ce in duba irin yaran da nake turo masa. Na duba, sai na ga wani abu da shi bai lura da shi ba. Duk tambayar da aka rubuta da alƙaluma zalla, yawancin yaran sun amsa ta daidai. Inda suka zube shi ne tambayoyin da aka ba da su cikin jimloli. Kalmar Turancin da ke nufin sakamakon ninkawa, su a ajina kayan da masana'anta ke ƙerawa suka san ta da shi. Wadda ke nufin ragowar ɗebewa, su bambancin kama suka fahimta. Kalmar da ake kiran jadawalin alƙaluma da ita kuwa, tebur ɗin da suke rubutu a kai suka sani. Yarinya ta iya lissafin sarai, amma ba ta gane abin da ake tambayarta ba.

Muka zauna rana ɗaya bayan an tashi, ya ɗauko tsofaffin takardun WAEC da NECO, muka tsamo kalmomi kusan sittin da ke yawan maimaituwa. Na mayar da su cikin darasin fahimtar karatu, ina ɗaukar tambayar Lissafi in sa yara su faɗi abin da take nufi da Hausa kafin a taɓa alƙalami. Shi kuma ya daina wuce kalma ba tare da ya tsaya a kanta ba. Ban ƙara minti ɗaya a jadawalina ba, shi ma haka. Ba zan ce kowa ta ci ba, amma a gwajin ƙarshen zango yaran da ke barin wannan sashe fari fat sun ragu ƙwarai, har malamin Fiziks ya zo da nasa jerin kalmomin yana neman a sa shi a ciki.

Abin kunyar shi ne, tebura biyu ne kawai tsakanina da shi a ɗakin malamai duk tsawon shekarun nan uku.

Jami'in Jarrabawa:
Ina neman afuwa, zan ɗan ɓata daɗin hirar. Ni ne ke kula da jarrabawa a makarantarmu, kuma na ga wani irin haɗin kai da ya fi kowanne ƙarfi a makarantu da yawa, wanda ba a taɓa kiran taro a kansa ba amma kowa ya san rawar da zai taka. Ana tara kuɗi daga ɗalibai da sunan "kula da baƙi", wani malami yana warware tambayoyi a ofis, wani yana kai amsa, maigadi yana tsaye a ƙofa yana leƙen motar masu sa ido. Idan ka ƙi shiga, sai a ce ba ka son cigaban yara, ba ka da haɗin kai, a daina amsa maka sallama da kyau. Haka kuma ake rufa wa malamin da ba ya shiga aji asiri, a sa masa hannu a rajistar zuwa aiki, domin gobe shi ma ya rufa wa wani.

Akwai dokar hukunta maguɗin jarrabawa tun 1999, kuma WAEC tana riƙe sakamako, tana soke shi, tana kuma janye amincewarta daga makarantar da aka kama. Idan hakan ta faru, yaran da suka yi karatu tsakani da Allah su ne ke fara shan wuya. Don haka, Hajiya, idan kika tsaya a gaban malamai kika ce burinmu shi ne kowace yarinya ta ci Lissafi da Turanci, ki tabbata kin fayyace ta wace hanya, domin akwai waɗanda za su fassara maganar yadda ba ki nufa ba.

Mataimakiyar Shugaba:
Malam, wannan gargaɗi ya zo a kan gaɓa, kuma ba zan ɓoye ba, an taɓa kawo mini irin wannan shawara cikin raha, ana auna yadda zan karɓe ta. Na gode. Amma har yanzu ƙorafin Malamin Lissafi yana nan ba a amsa shi ba. Me zai sa malamin da ya gaji, kuma yake ganin ba a yi masa adalci, ya buɗe ƙofar ajinsa ga abokin aikinsa?

Malami daga Maraɗi:
Ina gaida malamai na Nijeriya. Mu a nan Nijar muna da wani tsari a makarantun firamare da ake kira CAPED, inda malaman lakwal-lakwal da ke kusa da juna ke haɗuwa lokaci zuwa lokaci, wani ya gabatar da darasi a gaban sauran, bayan ya gama a tattauna. Muna kuma da kwamitocin gudanar da makaranta da aka fi sani da COGES, waɗanda iyaye ke ciki. A takarda abin yana da kyau, a aikace kuwa ya danganta da wanda ke jagoranta.

Na zauna a zaman da aka mayar da shi kotu, tsofaffin malamai suka yi wa wani matashi ɗan kwantiragi kaca-kaca a kan yadda ya riƙe alli da yadda ya tsaya, har ya rantse ba zai ƙara gabatar da darasi a gaban kowa ba. Ku tuna yawancin 'yan kwantiragin nan abin da ake biyansu bai kai na cikakken ma'aikaci ba, ga shi aji ɗaya suke shiga. Na kuma zauna a wani zaman inda darakta da kansa, mutum mai furfura, ya fara tashi ya ce, "Ni darasin kason lamba yana ba ni wuya, zan koyar da shi ku gyara mini." Daga ranar kowa ya saki jiki. Amsar tambayarki ke nan a ganina, Malama: babba ne zai fara tona nasa raunin, sannan ƙarami ya yarda cewa ba tarko aka ɗana masa ba.

Malamar Turanci:
Wannan magana ta tuna mini da shirin SMASE na inganta koyar da Lissafi da Kimiyya, wanda hukumar JICA ta Japan ta tallafa, aka fara shi a nan Nijeriya a jihohin Kaduna, Neja da Filato. Yayata malamar firamare ce, ta halarci horon, kuma ita ta fara ba ni labarin yadda malaman Japan ke yi. Suna tsara darasi ɗaya tare, mutum ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a gefen aji, amma idonsu yana kan yara ne: wa ya gane, wa ya ɓace, a daidai wace gaɓa ya ɓace. Da yake tare aka tsara darasin, idan bai yi kyau ba na kowa ne ya lalace, babu wanda za a nuna da yatsa.

Mu kuwa tsoro ya yi mana katutu. Tun bayan jarrabawar gwajin da aka yi wa malaman firamare a Jihar Kaduna a 2017, wadda ta kai ga sallamar fiye da 21,000, malami ko a wace jiha yake yana ganin idan ya furta cewa wani babi yana ba shi wuya, ya miƙa wuƙar da za a yanka shi da ita. Ba ina muhawara a kan dacewar wancan mataki ba ne, wannan zance ne na wata rana. Ina cewa ne duk shugaban da ke son malamai su taimaki juna, dole ya raba zaman gyaran darasi da takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara, kuma ya cika alƙawarin da ya ɗauka a kan haka.

Uba, Ɗan Kwamitin Makaranta:
Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, 'ya'yana uku suna makarantar gwamnati, kuma ina cikin SBMC, wato kwamitin gudanar da makarantar unguwarmu. Ina so malamai su sani cewa duk abin da ke faruwa a ɗakin malamai yana zuwa mana gida da yamma. 'Yata ta taɓa gaya mini cewa wani malami ya shiga ajinsu ya tarar da rubutun wanda ya fita a kan allo, ya karanta, ya yi tsaki, ya ce, "Wannan ne yake koya muku?" Tun daga ranar ta daina rubuta darasin wancan malami da muhimmanci, alhali a gaban takardarsa za ta zauna ranar jarrabawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yaran yanzu sun fi ƙadangare gane tsaga. Idan kuna da saɓani, ku rufe ƙofa ku yi shi, amma don Allah kada ku yi shi a kan allo.

Tsohon Hedimasta:
Alhaji ya faɗi gaskiya. Zan koma kan ƙorafin ɗana Malamin Lissafi, domin ba na son ya tafi yana ganin an yi masa kwana. Sakin fuska ba a umartar mutum da shi. Daga jadawali yake farawa. Idan malami ɗaya yana da darasi 28 a mako, wani kuma yana da 9 saboda matar wani babba ce ko ɗan'uwan shugaba ne, to ko wa'azin wa aka kawo ba za a ga haƙoran na farkon ba. Haka idan takardar zuwa bita ta zo, wadda ake samun ɗan alawus a cikinta, kullum mutum biyu ne ke tafiya, amma aikin sa ido ranar Asabar na kowa ne.

Ni abin da na riƙa yi shi ne, ina manna jadawalin kowa a bangon ɗakin malamai da adadin darussansa a gefe, nawa ma yana ciki, domin ban taɓa barin aji ba har na yi ritaya. Zuwa bita kuma bi-da-bi ne, an rubuta sunaye, wanda ya dawo sai ya tsaya ya koya wa sauran abin da ya samo. Albashi ba a hannun hedimasta yake ba, ƙarin girma ma haka, amma rabon wahala a hannunsa yake. Hajiya, kafin ki nemi komai daga malamanki, ki ƙirga darussan malaman Lissafi da Turanci ki kwatanta da na sauran. Ina kyautata zaton za ki ga abin da zai ba ki kunya.

Mataimakiyar Shugaba:
Baba, ban jira gobe ba, jadawalin yana cikin jakata, na ƙirga yanzu. Malaman Lissafi biyu gare mu, ɗaya yana da darasi 30 a mako, ɗayar tana da 27. Akwai malamai huɗu da ba su kai 12 ba, kuma biyu daga cikinsu sun karanci fannin kimiyya a karatunsu na shaidar malanta ta NCE, za su iya ɗaukar Lissafin aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ni da kaina na tsara wannan jadawali, na kuma zauna a taro ina mamakin abin da ya sa malamin Lissafi yake magana a fusace.

Zan kai wa shugabarmu gyaran ranar Litinin. Zan kuma nemi a ware darasi biyu na ƙarshe na ranar Laraba, sau ɗaya a mako biyu, domin malaman Turanci da Lissafi da Kimiyya su zauna a kan kalmomin da Malama ta ambata. Darasin farko da za a kalla nawa ne, Tattalin Arziki na aji biyar, babin da ni kaina ba na jin daɗin koyar da shi. Maigadi da matar da ke share azuzuwa za su zauna a taron farkon zango. Abin da ban san yadda zan yi da shi ba shi ne malamai huɗun nan, domin ɗaya daga cikinsu tana da wanda ya tsaya mata a sama.

Malamin Lissafi:
Hajiya, idan har a cikin lokacin aiki za a yi zaman, ba bayan an tashi ba, kuma aka fara da rage wa mai darasi 30 kaya, to na janye rabin maganata. Rabin da ya rage yana nan har sai ajina ya sauko daga 84. Game da wadda aka tsaya mata, kada ki fara da ita. Ki fara da ukun, ki manna jadawalin a bango kamar yadda Baba ya ce, ki bar lambar da ke gefen sunanta ta yi mako biyu kowa yana wucewa yana gani.

Malamar Turanci, don Allah ki turo mini jerin kalmomin nan sittin idan suna kusa. Tamu malamar Turancin tebur ɗaya ne tsakanina da ita, kuma rabon da mu yi maganar da ta wuce gaisuwa tun zangon farko na bara.